Tambaya da Amsa: Rauta biyu a gida ɗaya, wa zai zauna a zaure wa zai shiga cikin gida?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk akan abu ɗaya suke, wato ƙara rauta ta biyu a gida (rauta ita ce na'urar da ke karɓo intanet ta watsa shi ta waifai) dan a raba waifai gida biyu, toh sai nace bari in haɗa su waje guda tunda amsar wani zata yi wa wani amfani. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Malam ya aiki. Ina da gida a Kano ni da iyalina muna ciki, a waje kuma akwai shaguna uku da na bada haya, tela da mai cajin waya da mai kemis. Na sa intanet na wata wata muka yi dasu zasu riƙa kawo wani abu ana haɗawa, na basu faswod, toh yanzu faswod ɗin ya zagaye unguwa, da daddare samari ne cike a ƙofar gida kowa da wayarsa, ran nan ma sai ga firintar ɗakina tana fitar da takarda alhali ba wanda ya aika mata komai daga cikin gida, talabijin ɗin falo shima wani lokacin sai ya nuna wata waya na neman haɗuwa dashi. Ina da tsohuwar TP-Link a ajiye, wani yaro yace in ja waya in kai musu ita mu mu ci gaba da amfani da ta farko. Hakan zai raba mu dasu? Nagode.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaron ya kama hanya amma ya juya abin baibai. Bari in kwatanta maka da irin gidan da duk muka taso a ciki. Rautar farko wacce intanet yake shigowa ta cikinta ita ce zaure, ta biyu da zaka jona a bayanta kuma ita ce ƙofar cikin gida mai "ba a shiga". Wanda yake cikin gida duk sanda ya ga dama zai fito zaure ya ga na zaune ya wuce titi abinsa, na zaure kuwa ba shi da ikon leƙa cikin gida sai an aiko kiransa. Haka rauta take, duk abinda ya taso daga cikinta tana bari ya fita tana kuma barin amsarsa ta dawo, amma wanda ya taso daga waje ba a neme shi ba watsi take dashi. Toh kaga in ka kai wa masu shago rauta ta biyu kai ka tsaya a ta farko, su ka shigar cikin gida, kai da firintarka da kwamfutarka kuna zaure. Gaskiya talabijin ɗin zai daina bayyana a wayoyinsu da kansa, amma duk yaron da ya san adireshin firintar ko ya sauke irin manhajar nan mai lalube netwok zai isa gare ta. Dan haka ka juya, masu shago su zauna a ta farko, kai da iyalinka ku koma bayan ta biyu. Wannan shine zancen da yafi komai a duk filin yau, kuma shine mutane suka fi yin kuskure akai.

Yanzu ga aikin kansa. Ka ɗauko tsohuwar rautar ka jona mata wuta, a baya akwai ɗan ƙaramin rami ko maɓalli da aka rubuta Reset, ka danne shi da tsinke kamar daƙiƙa 10 har fitilun su ɗauke su dawo, hakan zai goge duk wani tsohon saiti da ka manta dashi. Kar ka jona ta da ta farko tukuna. Ka haɗa wayarka da waifai ɗinta, suna da faswod na kamfani suna jikin takardar da aka manna a ƙarƙashinta, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar, yawancin TP-Link 192.168.0.1 ne. In ka shiga ka nemi inda aka rubuta LAN, nan zaka canza mata adireshi ya bambanta da na rautar farko a lamba ta uku, misali in ta farko 192.168.0.1 ce ko 192.168.8.1 irin na Huawei, wannan ka mayar da ita 192.168.5.1. Zata kashe kanta ta tashi, daga nan da sabon adireshin zaka riƙa shiga. DHCP ka bar shi a kunne a duka biyun, shine mai raba wa wayoyi lamba in sun shigo. A wajen WAN, wato ɓangaren da intanet ke shigo mata, ka zaɓi Dynamic IP. Sannan ka sa mata sabon suna da sabon faswod, tsaron ya zama WPA2, in tana da WPA3 kuma wayoyin gidan suna karɓa ya fi.

Sai maganar waya, a nan ake yawan tuntuɓe. Bayan rauta zaka ga ramuka, ɗaya launinsa daban an rubuta WAN ko Internet, sauran kuma LAN. Kebul ɗin zai fito daga ramin LAN na rautar farko ya shiga ramin WAN na ta biyu. In ka kuskure ka sa shi a LAN, toh ka rushe katangar da kanka, gida ya koma fili ɗaya kuma rautocin biyu zasu fara rigimar raba lamba.

Kar ka manta da zauren shima. Tunda masu shago da duk wanda suka bai wa faswod suna kan rautar farko, suna iya buɗe shafin saitinta, kuma da yawa daga na'urorin nan admin admin suke zuwa dashi ba wanda ya taɓa canzawa, ka canza shi yau ɗin nan kafin komai. Ka kashe WPS a duka biyun, wato hanyar nan ta haɗa waya da waifai ba tare da rubuta faswod ba. Shi kuma faswod ɗin da ya zagaye unguwa ba lallai wani ne ya zauna yana faɗa wa mutane ba, tun daga Android 10 duk wayar da ta haɗu da waifai tana iya fito da shi a hoton QR wani ya ɗauka cikin daƙiƙa, mai cajin waya kuwa kasan yadda shagonsa yake cika. Maganinsa ka riƙa canza na zauren duk wata ranar da ake biyan kuɗi, na cikin gida kuma kar ya fita ƙofa.

Akwai abu ɗaya da wannan tsari baya magancewa, gara in faɗa maka tun yanzu. Su na zaure in suka buɗe bidiyo su goma zasu shanye gudun kai a ciki ka rasa, sai dai in rautar farko tana da wajen taƙaita gudu. In bata da shi kuma abin ya dame ka, sai a yi uku: ta farko a kashe waifai ɗinta ta zama mai kawo intanet kawai, a jona biyu a bayanta kowacce ta ramin WAN ɗinta, ɗaya ta gida ɗaya ta shaguna, kowacce da adireshinta daban. A haka ba mai ganin wani, kuma a ta shagunan zaka iya shiga Bandwidth Control ka yanka musu iya abinda kuka yi yarjejeniya. Kafin ka sayi komai ma ka leƙa saitin rautar farkon ko tana da Guest Network, wato waifai na baƙi, in akwai ka kunna wa masu shago shi ka hana shi ganin na'urorin gida, wani lokacin shi kaɗai ya isa. Ka kuma zauna dasu ka yi musu bayani kafin ka canza dan kar su ga kamar zarginsu kake, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Tambaya: Malam nayi yadda na gani a wani bidiyo, na jona rauta ta biyu a ramin WAN, waifai yana kamawa cif amma ba intanet, wani lokacin kuma in na rubuta 192.168.0.1 sai in rasa wacce na shiga. Ko rautar ce ta mutu? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ƙanena rautarka lafiyarta ƙalau, adireshi ne ya yi karo. Dukkansu biyun da 192.168.0.1 suka fito daga kamfani, toh ta biyun tana ganin lambobi iri ɗaya a gabanta da bayanta sai ta rasa ta ina zata tura saƙo, kamar layi biyu ne a unguwa ɗaya masu suna ɗaya da lambar gida ɗaya, ɗan aike ina zai nufa? Sababbin rautoci wasu suna gane haka su canza da kansu, tsofaffi kuwa shiru kawai suke yi. Ka cire kebul ɗin da ke tsakaninsu, ka shiga ta biyun ita kaɗai ka canza lamba ta uku, ka sa wayarka ta manta waifai ɗin ka sake haɗawa dan ta karɓi sabuwar lamba, sannan ka mayar da kebul.

Tunda kai ɗalibi ne bari in ƙara maka. Ba kowace lamba ake sawa ba, akwai rukuni uku da aka ware tun 1996 dan amfanin cikin gida da ofis, waɗanda ba sa yawo a intanet na waje: duk mai farawa da 10, sai daga 172.16 zuwa 172.31, sai mai farawa da 192.168. Cikinsu zaka zaɓa. Shi yasa zaka ga gidan maƙwabcinka shima 192.168.0.1 ne kuma ba a rigima, kowa a cikin gidansa yake. Yadda zaka tabbatar aiki ya yi, ka duba shafin farko na rauta ta biyu, wajen WAN ya kamata ka ga lamba irin ta rautar farko, misali 192.168.0.101, in ka ga sifili sifili toh kebul ɗin ne ko ramin da ka sa shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni uwa ce yarana huɗu babban yana aji biyar a sakandare, mahaifinsu yana aiki a Legas sai ƙarshen wata yake zuwa. Mun sa waifai saboda karatunsu amma wallahi abin ya fara fin ƙarfina, ƙarfe ɗaya na dare in na leƙa sai in ga haske a ƙarƙashin bargo, in na kashe rautar gaba ɗaya kuma ni ma na rasa yadda zan yi magana da babansu da kwastomomina dan ina sayar da kaya a WhatsApp. Ance ana iya yi musu nasu daban, yaya ake yi? Daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya miki su ya shirya mana baki ɗaya. Ana yi, kuma naki yafi na Alhajin sama sauƙi. Kinga shi tsoronsa kar a taɓa masa na'urori, ke kuwa so kike ki riƙe linzami, dan haka a wajenki yaran ne zasu koma bayan rauta ta biyu ke ki zauna a ta farko. Haɗin duk ɗaya ne, daga LAN zuwa WAN, adireshi daban, suna daban. Ki ajiye rautar tasu a ɗakinki, ƙarfe goma in ta yi ki zare mata wuta shikenan, naki yana nan yana aiki. Da yawansu ma suna da wajen sa lokaci, waifai ya ɗauke da kansa ya dawo da safe, amma ni na fi yarda da zare wayar wutar da hannu dan in wuta ta ɗauke agogon wasu rautocin yana rikicewa kafin ya daidaita.

Sai ki canza faswod ɗin ta farko ki sa wa wayarki makulli, dan in babban ya ɗauki wayarki a buɗe minti ɗaya ya ishe shi ya kwafe ta hoton QR ɗin da na faɗa a sama.

Akwai ƙarin abu da zaki sa a yi miki a rautar yaran. A saitin akwai wajen DNS, shine kamar littafin da rauta ke dubawa ta gano inda kowane shafi yake. In aka rubuta 1.1.1.3 a na farko da 1.0.0.3 a na biyu, wannan na kamfanin Cloudflare ne da suka fito dashi a 2020 dan iyali, kyauta ne, yana toshe shafukan batsa da masu cutar da waya. OpenDNS ma suna da irinsa, 208.67.222.123 da 208.67.220.123. Amma Hajiya kar ki sa wannan ki saki jiki, abinda yake toshewa shafi ne gaba ɗayansa, abinda ke yawo a cikin TikTok ko YouTube ko guruf na WhatsApp baya iya tacewa, kuma yaro ɗan aji biyar in ya sa VPN, manhajar da ke kewaye irin wannan toshewa, ko ya sayi data a layinsa ya tsallake ki. Ga ƙananan zai yi aiki sosai, shi babban kuwa ina ganin ki haɗa da karɓar waya da daddare, ki kuma sa babansa ya yi masa magana in ya zo, ya ji dalili daga bakinku ku biyu. Abu na ƙarshe, in suna tura karatu daga waya zuwa talabijin ko firinta sai sun kasance a waifai ɗaya da ita kafin su ganta, toh ki yanke tun farko wane ɓangare talabijin ɗin zai zauna.

Tambaya: Yallaɓai in na ƙara rauta ta biyu data zata ƙaru ne ko gudun zai ninka?

Amsa: A'a ɗan uwa, ko ɗaya ba zai ƙaru ba. Famfo biyu ne a tanki ɗaya, data ɗin da ka saya shi duka suke sha. Abinda kan ƙaru shine nisan da waifai yake kaiwa. Wani lokacin ma ragewa yake, domin ƙananan rautocin nan masu araha irin TL-WR840N da TL-WR841N duk da an rubuta 300 a kwalinsu ramukan bayansu mega 100 ne iyakarsu, in intanet ɗinka ya wuce haka sai ya zama rijiya ta bayar guga ya hana. Mai intanet mai ƙarfi ya nemi wacce aka rubuta Gigabit. Sannan in rautocin suna kusa da juna kar a bar su a tasha ɗaya, wato Channel a cikin saiti, a zangon waifai na 2.4GHz tashoshi uku ne basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ka ba ɗaya 1 ɗaya 11.

Tambaya: Malam ni ƴar ƙaramar MiFi gare ni ta aljihu bata da ramin waya ko ɗaya, zan iya raba wa maƙwabciyata nata daban? Wata ƴar uwa daga Maraɗi.

Amsa: Zaki iya ƴar uwa amma sai da rautar da ke da tsarin WISP, TL-WR840N ɗin da na ambata tana dashi a cikin Operation Mode. A wannan tsari rautar tana kama waifai ɗin MiFi ta iska a madadin kebul sannan ta fitar da nata daban da adireshinta. Ki kula kar a zaɓa miki Range Extender, shi tsawaita netwok ɗin farko kawai yake baya rabawa. Gudun zai ragu sosai tunda eriyoyinta ne ke karɓa su ne kuma ke bayarwa, ga MiFi ba a yi ta dan ta kwana a caji tana ɗaukar mutane da yawa ba, batirin yana kumbura musamman a zafinmu na bazara. In abin na dindindin ne gara ku haɗa kuɗi ku sayi rautar 4G ta tebur mai cin sim wacce take da ramin LAN.

Tambaya: Injiniya barka. Starlink na sa a gidan gona, na ƙara rauta ta biyu a bayanta kamar yadda ake cewa, tun daga nan na kasa buɗe ƙofar rauta (port) da zan riƙa kallon kyamarorin tsaro daga gari, yarona kuma yana ƙorafin PlayStation ɗinsa tana nuna NAT Type 3. Mene ne mafita? Daga Abuja.

Amsa: Barka kadai Alhaji. Abu biyu ne suka haɗu maka. Na farko duk rauta tana fassara adireshin cikin gida zuwa na waje, shine ake ce wa NAT, in ka jera biyu fassarar ta zama sau biyu. Lilo a intanet da WhatsApp da kallon bidiyo basu damu da wannan ba ko kaɗan, waɗanda suke jin jiki su ne masu buƙatar a shigo musu daga waje, wato wasan gem da ake yi da mutanen nesa da kuma na'urar kyamara in ta hanyar buɗe ƙofa ake kallonta. A intanet na kebul irin na faiba maganin shine a ba rauta ta biyu tsayayyar lamba a ta farko, a buɗe ƙofar a duka biyun, ko kuma na'urar gem ɗin a jona ta kai tsaye a ta farko.

Na biyu kuwa ba laifin rautarka bane. Starlink tun da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, a tsarinsa na gida mutane da yawa ne suke tarayya a adireshin waje guda ɗaya, haka ma layukan 4G, ana kiran abin CGNAT, wato akwai wani zauren a can wajen kamfani wanda makullinsa baya hannunka, dan haka ko rauta ɗaya gare ka buɗe ƙofar ba zai yi ba. Ga kyamara ka yi amfani da manhajar kamfanin da ya ƙera ta, in Hikvision ce Hik-Connect, ita na'urar ce da kanta take fita ta nemi sabar kamfanin kai kuma ka same ta a can, ba ruwanta da yawan rautoci. Ka dai sa mata faswod mai ƙarfi. Ga gem ɗin kuma in ba ka buƙatar waifai biyu da gaske, ka shiga manhajar Starlink ka kunna Bypass Mode, rautarsu zata daina aiki taka ta karɓi ragama, an rage fassara ɗaya kenan, sau da yawa hakan yana sassauta abin. Ka sani in ka kunna shi waifai ɗin Starlink zai ɗauke gaba ɗaya kuma sai ka yi mata reset kafin ya dawo. In kuma dama nisa kawai kake nema ba rabuwa ba, ka mayar da ta biyun Access Point, wato mai watsa waifai kawai, kowa ya zama a netwok ɗaya. Ga masu shirin saye, rautar Starlink zubi na biyu bata da ramin kebul sai an sayi adafta daban, zubi na uku tana da ramuka biyu.

Tambaya: Malam gidanmu babban gida ne, sashen yayana yana can ƙarshe zai kai taku ɗari da wani abu daga nawa, muna so mu ja masa waya ya sa tasa rautar kowa da faswod ɗinsa. Wace irin waya zamu saya kuma ba matsala ta bi ta saman kwano? Daga Sakkwato.

Amsa: Ɗan uwa ku fara aunawa da tef kar ku dogara da taku, kuma ku auna hanyar da wayar zata bi da lanƙwasarta ba miƙaƙƙen layi ba, domin kebul ɗin netwok mita 100 ne iyakarsa, in ya wuce sai ya fara yankewa ko ya ƙi kamawa sam. Cat5e ya isa, Cat6 ya fi. Abinda zaku kula dashi a kasuwa, ko a Sakkwato ko Farm Centre ta Kano, akwai mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana rubuta CCA a kwalinsa, a gajeren zango yana yi amma a doguwar tafiya irin taku zai baku wahala. Ku kankare silin ɗaya da reza a gaban mai shago, in cikin ya fito fari ku ajiye masa abinsa. Wanda zai matse muku kan wayar kuma ya tabbatar duka sili 8 sun kama, da guda 4 ma tana aiki amma ba zata wuce mega 100 ba.

Saman kwano kuwa ban yarda ba sam. Ranar Sakkwato zata cinye robar ta farfashe, da damina kuma doguwar waya a sama tana kwaso ƙarfin tsawa ko da ba a gidan ta faɗi ba, ta ƙona ramin rautocin duka biyu. Ku sa ta a bututun roba ku binne, ko ku sayi wacce aka yi dan waje, kar kuma ta jera da wayar wuta a bututu ɗaya. In hadari ya haɗo sosai ku zare ta daga baya. In kun auna ya wuce mita 100 sai a sa suwic a tsakiya inda akwai wuta ya sabunta siginar, ko a ɗaura ƴan eriyoyin nan guda biyu na waje irin CPE210 suna kallon juna, ɗaya a sashenka ɗaya a nasa.

Ku tuna da wuta ma, in NEPA ta ɗauke a sashenka rautar farko ta mutu, shi yayan naka zai ga waifai ɗinsa cike amma ba abinda ke buɗewa, dan haka ta farkon ita ta fi buƙatar sola ko ɗan ƙaramin batirin nan na rauta. Kafin ku saya ku duba ƙarƙashin kowacce, wata bolt 9 take ci wata 12, kar a musanya musu caja.